Shirin Kimiyya na Shiyya: Motar Yawon Karatu ko Horar da Malamai?

Wata malama da aka ɗora wa kula da koyar da kimiyya a makarantu talatin da 'yan kai na shiyyarsu ta aiko da tambaya. Sun samu tallafin kuɗi na shekara uku. Wasu 'yan kwamitinsu na son a gina cibiyar nazarin muhalli, a sayi motar da za ta riƙa kai ɗalibai can. Wasu kuma sun ce a zuba kuɗin a tarukan bita na malamai. Tana so ta san wanne ya fi, da kuma yadda za a haɗa karatun wajen aji da horon malamai ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya taya ki riƙo. Shawarata ita ce kaso mafi tsoka ya tafi wajen malamai, sai dai ba ta hanyar bitar da 'yan kwamitinku ke nufi ba. Karatun wajen aji kuwa a fara shi daga harabar kowace makaranta, inda ƙafa za ta kai yaro cikin minti biyar. Mota da cibiya su dakata tukuna. Bari in faɗa miki abin da ya kai ni ga wannan ra'ayi, don ba da shi na fara aiki ba.

A farkon shekarun da na shiga horar da malaman kimiyya, na shirya wata bita ta kwana biyar wadda har yau ina ganin an tsara ta da kyau. Malamai sun yi gwaje-gwaje da hannunsu, sun yi muhawara, kowace makaranta ta tafi da akwatin kayan aiki, takardun jin ra'ayi sun dawo cike da yabo. Da zango ya zagayo sai na bi makarantun ɗaya bayan ɗaya. A mafi yawansu na tarar da akwatin a ofishin shugaban makaranta, ko ledar ba a ɓare ba. Wani malami ya gaya mini gaskiya, kuma ina gode masa har gobe. Ya ce ya gwada darasin sau ɗaya, aji ya kaure da hayaniya, gwajin bai ba da sakamakon da ya bayar a wajen bita ba, wani yaro ya yi masa tambayar da bai san amsarta ba, ga shugaban makaranta ya leƙo ya ga yara a tsaitsaye. Washegari ya koma kan allo da alli. Ban ga laifinsa ba. Na koya masa abu a ɗakin da manya ashirin suke zaune cikin natsuwa, na sallame shi ya je ya yi shi kaɗai a gaban yara hamsin, kuma ranar da abin ya kwaɓe babu wanda zai tambaya.

Abin da na gani ba sabo ba ne a wajen masu bincike. Tun a shekarun 1980 Bruce Joyce da Beverly Showers suka nuna cewa bayani da nuni da gwaji a ɗakin horo suna sa malami ya iya abu, amma ba kasafai suke sa ya kai shi aji ba, sai idan akwai wanda ke bin sa ajin yana kallo yana gyara masa. A shekarar 2007 kuma wasu masu bincike a Amurka suka tattaro nazarce-nazarce fiye da 1,300 a kan horon malamai, suka tace, tara kacal suka cika sharuɗɗan ingancin da aka gindaya. A cikin taran nan, horon da bai wuce awa 14 ba bai nuna wani tasiri a sakamakon ɗalibai ba, waɗanda suka yi tasiri su ne masu tsawo. Nazari tara ba su da yawa, kuma duk a kan malaman firamare aka yi su, saboda haka kada a ɗauki awa 14 a matsayin wani layi da aka ja da rula. Amma alƙiblar da suka nuna ta yi daidai da abin da duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya sani: horon da aka yi sau ɗaya aka watse yana bushewa kamar yayyafi a kan rairayi.

To wane irin horo? Abu na farko, malami ya zauna a matsayin ɗalibi ya yi kimiyyar da kansa, har ya ci karo da abin da yake tsammanin ya sani alhali bai sani ba. Akwai tambayar da nake buɗe zama da ita kusan kullum. Nakan ajiye ƙwayar iri a hannun dama, guntun gungumen icce a hannun hagu, in ce daga ina nauyin nan ya fito? Mafi yawan malamai, har da waɗanda suka karanta ilimin halittu, sukan ce daga ƙasa. Sai in ba su labarin Jan Baptist van Helmont, wani masani na ƙarni na 17 daga yankin da yake Beljiyam a yau. Ya dasa ƙaramar bishiya mai nauyin kusan kilo 2 a tukunya mai ɗauke da busasshiyar ƙasa kusan kilo 90, ya shekara biyar yana ba ta ruwa kawai. Da ya auna, bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Ya yanke cewa daga ruwa ne nauyin ya fito. Ya kusa, amma ya tsallake iska, don yawancin busasshen nauyin icce daga iskar kabon da ganye ke zuƙa yake samuwa, da taimakon hasken rana. Malaman nan duk sun haddace bayanin yadda ganye ke sarrafa abinci, suna rubuta shi a allo kowace shekara, amma ba su taɓa haɗa shi da kujerar katakon da suke zaune a kai ba. Shirun da ke biyo bayan wannan tambaya yana daga cikin abubuwan da na fi so a aikina. Malamin da ya ɗanɗana shi yakan gane yadda yaro ke iya cin jarrabawa alhali tsohon tunaninsa na nan daram a ƙasa.

Haka batun zafi da sanyi na shekara. Da yawa za su ce duniya ce ke matsawa kusa da rana ko ta yi nisa. Alhali a farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, lokacin da arewacin duniya ke tsakiyar hunturu, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, kimanin miliyan 152. Karkacewar duniya da digiri 23 da rabi ce ke kawo sauyin. Idan aka fita da yara waje a hannun malamin da bai warware irin wannan ƙulli a kansa ba, tsohon kuskuren zai koya musu, sai dai yanzu a ƙarƙashin bishiya.

Abu na biyu shi ne ido na biyu a cikin aji. Akwai halayen koyarwa da malami ba ya ganin su a kansa ko da ya shekara ashirin yana yi. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin darussan kimiyya masu yawa, a farkon shekarun 1970 ta bayyana cewa malami yakan jira kusan daƙiƙa ɗaya kawai bayan ya yi tambaya kafin ya amsa da kansa ko ya nuna wani yaro. Da aka koya wa malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, suka fara kawo hujja, waɗanda ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Faɗin wannan a wajen bita minti biyu ne. Amma ki gwada gaya wa malami cewa ba ya jira, zai rantse yana jira. Sai abokin aikinsa ya zauna a bayan aji da agogo ya ƙirga masa sannan zai yarda.

Wannan ne ya sa nake son tsarin da malaman Japan suka shafe fiye da shekara ɗari suna bi. Malamai kaɗan su zauna su tsara darasi guda tare, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya suna lura da yara, me suka rubuta, ina suka tsaya, wane kuskure ya yawaita. Bayan an tashi a zauna a tattauna, a gyara darasin, wani lokaci wani ya sake koyar da shi a wani aji. Da yake darasin na kowa ne, idan ya faɗi ba a kan mutum ɗaya ya faɗi ba, kuma wannan yana cire tsoron da malamai ke yi wa mai zuwa duba aiki. A shiyyarku za a iya raba makarantun gida-gida, biyar ko shida da ke kusa da juna, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata a makarantar ɗaya daga cikinsu, bi da bi, kuma a gaban ɗalibai na gaske. Kowane gida ya samu jagora guda, gogaggen malami da aka rage masa darussa a jadawali don ya samu zagayawa. Kuɗin motarsa da lokacin da aka sayo masa su ne abu na farko da zan rubuta a kasafi. Ki kula kada jagoran ya zama shi ne mai rubuta rahoton ƙarin girma ko ladabtarwa. Ranar da malamai suka gane haka, darasin ado za su riƙa nuna masa.

Za a kawo miki shawarar horo mai hawa-hawa, wato a horar da mutum goma, su horar da ɗari, su kuma su horar da dubu. Yana da araha, kuma da shi aka kai ga malamai masu ɗimbin yawa, kamar a shirin ƙarfafa lissafi da kimiyya da Kenya ta fara a 1998 da tallafin hukumar haɗin gwiwa ta Japan, wanda ya soma da gundumomi tara kafin ya game ƙasar. Ƙasa guda ba ta da wata mafita da ta wuce haka. Amma a kowane hawa ana zubar da wani abu, kuma abin da ke fara zubewa shi ne gwajin hannu, don shi ne mai cin lokaci. Makarantu talatin ba su kai yawan da zai tilasta muku wannan ba. Hawa ɗaya ya isa.

Yanzu batun fita waje. Ina son sa ƙwarai, kuma gani ya kori ji. Sai dai yawon karatu na rana ɗaya a shekara yana da wata matsala da ba a cika faɗa ba. John Falk da abokan aikinsa sun nuna a ƙarshen shekarun 1970 cewa yaran da aka kai wurin da ba su saba da shi ba hankalinsu yakan tafi wajen gane wurin, aikin da aka ba su ya zo daga baya. Duk malamin da ya taɓa raka ɗalibai ya san haka. Ki tambayi yaro bayan mako biyu, zai ba ki labarin motar da waƙar da aka rera a hanya da wanda ya zame ya faɗi. Ranar ta yi daɗi, kuma daɗin yana da daraja, amma ba don shi kaɗai aka ba ku kuɗin kimiyya ba. A Denmak akwai makarantun da ke bin wani tsari da suke kira makarantar waje, inda malamin aji da kansa yake fita da ɗalibansa rana ɗaya a mako ko a mako biyu, yawanci zuwa wuri na kusa, su yi darussan da ke cikin manhajar karatu. Ƙarfin tsarin yana cikin maimaitawa. A fita ta biyar wurin ya daina zama baƙo, idon yaro ya fara ganin abin da ya sauya tun zuwan da ya gabata.

Kuma harabar makaranta, ko da fili ne fetal, tana ɗauke da darussan shekara guda. A samu gwangwani a cire masa kai da gindi, a ɗan nutsa shi cikin ƙasa, a zuba ruwa kofi ɗaya, a ƙirga daƙiƙoƙin da zai ɗauka kafin ya shige. A yi a kan hanyar da yara ke takawa kullum, a yi a gindin bishiya inda ganye ke ruɓewa. Bambancin yakan ba yara mamaki, kuma daga nan ƙofa ta buɗe zuwa zaizayar ƙasa da ambaliya da dalilin da ruwa ke kwanciya a wani wuri. Amma darasin da ya fi wannan yana zuwa ne lokacin da rukuni biyu suka samu lambobi mabambanta a wuri ɗaya. Wa ya yi daidai? Ashe ɗaya ya nutsa gwangwaninsa sosai, ɗaya ruwa ya zurare ta gefe, ɗaya kofinsa ya fi girma. Yara da kansu za su ce sai an daidaita kofi, sai an maimaita sau uku. Ma'anar gwaji na adalci ke nan, kuma sun gano ta ba tare da an rubuta musu a allo ba. Malamin da ba a horar ba, a daidai wannan gaɓa yakan tsorata ya ce gwaji ya lalace. Wanda aka horar ya san nan ne darasin ya fara.

Sauran ba sai na ja ba. Kwalba da ƙasa da ruwa, a girgiza a ajiye, rairayi ya kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa cikin awoyi, yumɓu sai ya kwana ko fiye. Tsawon bishiya daga inuwarta, idan aka gwada da inuwar sandar da aka san tsawonta. Igiya da aka ɗaure ta zama murabba'in mita ɗaya, a ajiye a ƙasa a ƙirga ire-iren tsirrai da ƙwarin da ke ciki, a dawo wuri ɗaya kowane wata. Sharaɗi guda nake gindayawa: kada a fita ba tare da tambaya ba, kuma kada a dawo ba tare da lamba ko zane a littafi ba. Kowane yaro ya mallaki littafin lura nasa, ya rubuta kwanan wata, abin da ya yi hasashe, abin da ya auna, abin da yake ganin ya jawo haka. Darasin da ke biye a cikin aji a gina shi a kan waɗannan lambobi.

A nan ne kuma kasancewarku shiyya ke da amfanin da makaranta ɗaya ba za ta taɓa samu ba. Ma'aunin ruwan sama guda ɗaya a makaranta guda abin sha'awa ne. Talatin a makarantu talatin, iri ɗaya, an kafa su a sarari nesa da gini da bishiya, ana karantawa a sa'a ɗaya kowace safiya, wannan taswira ce. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, don haka yaro zai iya lissafa litocin da suka sauka a kan rufin ajinsu a dare ɗaya. Idan jagorori suka tattaro lambobin aka mayar wa kowace makaranta takarda ɗaya mai ɗauke da na kowa, yara za su ga hadari ɗaya ya jiƙa gabas ya bar yamma, su fara tambayar dalili. Za su kuma fara kula da awonsu, don sun san wasu za su duba. A kan wannan tunani aka gina shirin GLOBE da ya fara a 1995 da goyon bayan hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, inda ɗalibai a ƙasashe fiye da ɗari suke auna gajimare da ruwa da ƙasa bisa ƙa'ida ɗaya su tura sakamako ta intanet. Kuna iya shiga, kuna kuma iya yin naku a kan takarda.

Wani zai kawo shawarar a maimaita awon Eratosthenes, wani masani Bagirke wanda fiye da shekara 2,200 da suka wuce ya kimanta kewayen duniya daga bambancin inuwar tsakar rana tsakanin Iskandariya da garin da ake kira Aswan a yau, duk a Masar. Bambancin ya kai kusan digiri 7.2, wato kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Aiki ne mai kyau, amma ki lura da lissafin. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. Makarantu biyu da ke da tazarar kilomita 30 bambancinsu bai kai sulusin digiri ba, kuskuren sanda da rula zai haɗiye shi. Sai an nemo makarantar ƙawance mai nisan ɗaruruwan kilomita kudu ko arewa. Ofishin shiyya ne zai iya ƙulla wannan.

Kayan aiki kuma, a sayi masu sauƙi da yawa maimakon masu tsada kaɗan. Madubin ƙara girma arba'in sun fi na'urar hangen ƙananan halittu guda biyu amfani a aji mai cike. Abin da ke kashe akwatunan kimiyya abu biyu ne. Na farko, abubuwan da ke ƙarewa, batir da takardar gwaji da makamantansu, ba a tanadi mai sake cikawa ba. Na biyu, tsoron biyan abin da ya fashe, wanda ke sa a kulle komai a kabad. A rubuta a fili cewa abin da ya karye a hannun ɗalibi wajen aiki ba a cajin kowa. A kuma ware mutum guda da ɗaki guda a shiyya, akwati ya dawo ƙarshen zango, a ƙirga, a cike, ya fita zuwa wata makaranta. Aikin ba shi da armashin da za a ɗauki hoto, amma idan babu shi a shekara ta biyu akwatunan sun zama fanko.

Idan kina son misalin shirin shiyya da ya haɗa duk waɗannan, ki nemi tarihin shirin koyar da kimiyya na gundumar Hoshangabad a jihar Madhya Pradesh ta Indiya. Ya fara a 1972 da makarantun karkara 16, a 1978 aka faɗaɗa shi zuwa dukan makarantun tsakiya na gwamnati a gundumar. Yara suna gwaji rukuni-rukuni da kaya masu araha, suna fita gona da bakin rafi su tattaro ganye da ƙwari da duwatsu. Malamai suna samun horo a lokacin hutu, ga taron wata-wata, ga malaman jami'a da ke zuwa su zauna da su. Har wani mutum na ƙirƙira suka samar mai suna Sawaliram, yara su rubuta masa wasiƙa da tambayoyinsu a ba su amsa. Abin da ya fi burge ni shi ne sun samu izinin sauya jarrabawa, aka bar yaro ya shiga da littafinsa, aka kuma sa gwajin hannu a ciki. Sun gane cewa muddin jarrabawa hadda take nema, malami hadda zai koyar, kuma yana da gaskiya, don a kan sakamako ake tuhumarsa. Duk da haka a 2002 gwamnatin jihar ta rufe shirin bayan shekara talatin. Ku mai yiwuwa ba ku da iko a kan jarrabawar ƙasa, amma ta ƙarshen zango a hannunku take. Ku sa tambaya ɗaya ko biyu da ke ba yaro jadawalin lambobi ya fassara. Kuma tun daga ranar farko ki jawo hukumar ilimi da shugabannin makarantu da iyaye cikin abin, su gan shi da idonsu, don shirin da mutane kaɗan suka riƙe sa hannu ɗaya ke tsayar da shi.

Shugaban makaranta musamman. Shi ke da jadawali, kuma fita waje ba ta yiwuwa a darasin minti 35 ko 40, sai an haɗa biyu a jere. Shi ne kuma zai amsa idan uba ya zo ya ce ya ga ɗansa yana tonon ƙasa a lokacin karatu. A ba shugabanni nasu zaman, su riƙe gwangwani da agogo da hannunsu. Daga kowace makaranta kuma a horar da malamai aƙalla biyu, don canjin wurin aiki ba ya sallama.

Tsaro ba a sassauta masa. Malami ya riga yara zuwa wurin ya duba shi, a shata iyakar da ba a ƙetarewa, a ƙirga yara kafin fita da bayan dawowa, a tafi da ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa. Bakin ruwa yana buƙatar ƙarin manya, kuma ba a shiga ruwan da ba a san zurfinsa ba. Ba a cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, ba a ɗanɗana tsiro, ba a kallon rana kai tsaye ko da ana nazarin inuwa, a wanke hannu bayan an taɓa ƙasa. A kuma zaɓi wurin da yaro mai sanda ko keken guragu zai kai, a lura da wa ke riƙe kayan awo da wa aka bari da rubutu kawai, don idan ba a juya ayyukan ba yara biyu ko uku ne za su mamaye komai.

Ban ce cibiya ba ta da amfani ba. Kwana biyu ko uku a daji ko bakin kogi, da kallon taurari da dare, abu ne da yaro ba ya mantawa, kuma akwai darussan da harabar makaranta ba za ta bayar ba. Amma gini da mota suna cin kuɗi kowace shekara, direba, mai, gyara, mai gadi, malamin cibiya, alhali tallafinku na shekara uku ne. A jihar Oregon ta Amurka, inda makarantar daji ta 'yan aji biyar da shida ta daɗe, sai da masu zaɓe suka amince a 2016 da ware mata kuɗi na dindindin kafin a iya yi wa kowane yaro alƙawarin zuwa. Kafin ku samu irin wannan tabbaci, ku yi aro. Gandun daji, tashar auna yanayi, matatar ruwan sha, gonar gwaji, kwalejin da ke da ɗakin gwaje-gwaje, duk suna da ma'aikatan da galibi suke murna idan aka nemi su nuna aikinsu. A yi hayar mota ranar da ake buƙata.

Da ni ke riƙe da kasafin, fiye da rabi zai tafi ga jagorori da tarukan wata-wata da horon hutu, kusan rubu'i ga kaya da ɗakin sake cikawa da littattafan lura, ragowar ga tafiye-tafiye. Shekarar farko ba zan taɓa makarantu talatin ba. Zan fara da gida biyu, darussa huɗu ko biyar da aka ɗauko daga manhajar karatu, a gwada su, a gyara su har su zauna. Daga cikin malaman nan ne jagororin shekara ta biyu za su fito. Tafiya mai nisa sai a shekara ta biyu ko ta uku, kuma ajin da ya riga ya cika shafuka da awon harabarsa shi za a ɗauka, don ya je da abin da zai gwada da abin da zai gani.

Masu ba da tallafi za su nemi adadin malaman da suka halarci horo, ki ba su. Amma don sanin kanki, ki riƙa shiga makaranta ba tare da sanarwa ba, ki ce a kawo miki littattafan lura guda biyar, ke za ki zaɓa daga rajista, ba malami ba. Ki duba kwanan watan awo na ƙarshe. Ki duba ko lambobin yaran sun bambanta da juna, don idan duk biyar ɗin iri ɗaya ne sak, daga allo aka kwafa. Ki buɗe akwati ki ga ko kayan sun yi datti. Sannan ki nuna wa yaro ɗaya wata lamba a littafinsa ki tambaye shi yadda ya same ta, ki jira daƙiƙa uku kafin ki ƙara cewa komai.